Amsa: Terminus ya ƙi fitowa a jerin haruffan taminal

Ɗan'uwa, wallahi da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, domin ciwon da ya taɓa cina ne. Ka ce ka saka xfonts-terminus a Debian, ka buɗe xfce4-terminal ka nemi Terminus a jerin zubin haruffa ka rasa, har wani ya ce maka ka sake ɗora tsarin gaba ɗaya. Don girman Allah kada ka goge komai. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau.

Ni bayan sabunta tsari abin ya same ni. Tsohuwar kwamfutar cinya gare ni mai fuska 1366x768, kuma haruffan nan masu gogaggen gefe suna sa idona ruwa idan na daɗe ina aiki, shi ya sa na riƙe Terminus. Ina kunna ta sai na tarar taminal ta cika da ƙananan akwatuna, ko harafi ɗaya babu. Ga aikin mutane a hannuna, ga alkawari na ɗauka. Na kai wa wani mai gyara da ake ta yabo a unguwarmu, na ce masa da bakina ya duba kawai, kada ya taɓa faifan. Ko taminal ɗin bai buɗe ba ya ce ai ƙwayar cuta ce ta shiga. Na fita sallar la'asar, kafin in dawo ya yi fomatin. Duk ƙananan shirye-shiryen da na rubuta wa kaina, da fayilolin saiti na shekaru, da bayanan karatuna, sun tafi. Da na yi magana sai ya ce wai ni na jawo, wa ya aike ni amfani da Linux. Ko haƙuri bai ba ni ba, kuma ya miƙo hannu a biya shi. Har yau idan na bi ta gaban shagon nan raina sai ya ɓaci. Abin da ya fi ƙona min zuciya, da na sake ɗora tsarin matsalar haruffan tana nan daram, domin tun asali ba daga faifai take ba.

Daga Pango take, wato manhajar da ke tsara rubutu ta zana shi a fuskar kwamfuta. A 2019 aka fitar da Pango 1.44, suka koma dogaro da wata manhajar jera haruffa mai suna HarfBuzz, suka daina karanta tsofaffin haruffan ɗigo-ɗigo na PCF da BDF. Duk taminal da aka gina kan GTK da VTE (tubalan da ake gina tagogi da taminal da su), irin xfce4-terminal ɗinka da gnome-terminal, ta Pango take zana rubutu. Kunshin da ka saka kuwa PCF ne a cikinsa. Daga Debian 11 zuwa sama, da Ubuntu 20.04 zuwa sama, haka abin yake. Maganin shi ne nau'in OTB, wato ɗigon nan dai amma an nannaɗe shi a fayil ɗin OpenType:

sudo apt install fonts-terminus-otb

Sai ka buga fc-cache -f, sannan fc-list | grep -i terminus. In ka ga layi mai ɗauke da .otb, rufe duk tagogin taminal ka sake buɗewa. Duka fa, ba ɗaya ba.

In bai fito ba, leƙa /etc/fonts/conf.d. Akwai wani fayil mai suna 70-no-bitmaps.conf, ko mai suna kusa da haka a sababbin tsari, aikinsa kawai ya ɓoye irin waɗannan haruffa daga idon manhajoji. A Debian kana iya buga sudo dpkg-reconfigure fontconfig-config, idan ya tambaye ka batun bitmap, wato haruffan ɗigo, ka amsa da e. Ina gargaɗinka dai, bayan haka wasu shafukan intanet kan fito da tsohon Helvetica mai kaushi a burauza, kada ka firgita ka ce wani abu ya sake lalacewa.

Af, batun girma, wannan ma ya sha ba mutane haushi su ce Terminus mummuna ne. Dimitar Zhekov ya zana shi ne a ƙayyadaddun girma: 6x12, 8x14, 8x16, 10x18, 10x20, 11x22, 12x24, 14x28 da 16x32. Ba ya miƙewa kamar sauran. In ka zaɓi girman da babu shi, sai tsarin ya ja shi da ƙarfi ya fito a dagule. A fuska mai dpi 96, wato ɗigo 96 a kowane inci, lamba 12 a akwatin zaɓi ita ce fiksel 16, kuma ni a nan na tsaya tun tuni.

Gaskiya ma in aikinka bai ɗaure ka da xfce4-terminal ba, akwai wasu taminal, xterm da urxvt, da ba ruwansu da Pango, PCF ɗin da ka riga ka saka zai yi musu. Don urxvt, a ~/.Xresources ka rubuta

URxvt.font: xft:Terminus:pixelsize=16

ka bi shi da xrdb -merge ~/.Xresources. Amma taminal ɗin kitty kada ka ɓata lokacinka, ba ta karɓar haruffan ɗigo sam. Na ga wani yaro a nan ya kwana yana fama da ita ana ta yi masa dariya maimakon a gaya masa, abin bai yi min daɗi ba ko kaɗan. Wanda ya sani ya faɗa mana, me za a rage shi da shi?

Sai abin da ya shafe mu mu kaɗai, wanda jagororin Turawa ba sa kulawa da shi: ɓ, ɗ, ƙ, da ƴ ta 'yan'uwanmu na Nijar. Ba kowane zubin ɗigo ne ke ɗauke da su ba. Idan babu, taminal kan aro harafin daga wani zubi daban, sai ka ga ƙ ta yi tsayi ko ta karkace a tsakiyar kalma. Ga yadda nake bincikawa kafin in amince da kowanne:

fc-list ':charset=0199' family

Lambar ƙ ke nan. Ta ɓ 0253, ta ɗ 0257, ta ƴ 01b4. Duk zubin da sunansa ya fito yana da harafin. GNU Unifont na da su duka, girmansa fiksel 16, don haka yana zama lafiya kusa da Terminus na 8x16. Idan kuma ka samo wani BDF da ya burge ka, fonttosfnt da ke cikin xfonts-utils zai mayar maka da shi OTB, ka jefa a ~/.local/share/fonts.

Baƙin allon da ake shiga da Ctrl+Alt+F3 kuwa duniyarsa daban, haruffa nau'in PSF yake ci, ta dpkg-reconfigure console-setup ake saita shi, kuma ba ya ɗaukar fiye da haruffa 512, kada ka haɗa shi da wannan.

Ka liƙo mana abin da fc-list ya fitar da abin da ke cikin conf.d, ina nan zan duba maka da daddare in sha Allahu. Kuma kafin ka bar kowa ya riƙe maka kwamfutar nan, kwashe fayilolinka a filashi.