Ku Tambaya Mu Amsa: Wai Da Kuri'a Marigayi Babayo Gamawa Ya Zama Mataimakin Gwamna?

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam, barka da ƙoƙari. Don Allah a raba mana gardama, a majalisarmu ta shayi a nan Azare mun kwana biyu muna ja-in-ja kan marigayi Sanata Babayo Garba Gamawa. Wani abokinmu ya rantse wai tare da Malam Isa Yuguda aka zaɓe su a 2007, shi gwamnan jihar Bauchi shi kuma mataimaki, ni kuma na ce a'a ɗan majalisar jiha ne a lokacin. Waye mai gaskiya? Daga wani mai karatu, Azare.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kai ne da gaskiya, abokin naka ya tanadi kuɗin shayi. Wanda ya tsaya tare da Malam Isa Yuguda a 2007 ƙarƙashin ANPP Alhaji Muhammad Garba Gadi ne, su suka kayar da Nadada Umar na PDP wanda gwamna mai barin gado Ahmadu Adamu Mu'azu ke mara wa baya. Shi Babayo a wannan zangon yana majalisar dokokin jiha ne, majalisa mai kujeru 31, kuma har ya kai ga zama kakakinta.

Amma kar ka yi wa abokin naka dariya da yawa, don ba daga sama ya tsinto maganar ba, Babayo ya riƙe mataimakin gwamna ɗin da gaske, sai dai ba akwatin zaɓe ne ya ba shi ba. Abin da ya faru shi ne a 2009 Yuguda ya tattara ya bar ANPP ya koma PDP, a shekarar da ya auri 'yar shugaban ƙasa Umaru Musa 'Yar'aduwa, akasarin 'yan majalisa da kwamishinoni suka bi shi, amma Garba Gadi ya ce shi kam yana nan daram a jam'iyyar da talakawa suka zaɓe su a cikinta. Toh kun san yadda ake yi a ƙasar nan, gwamna yana lema (alamar PDP) mataimakinsa yana masara (alamar ANPP) ai zaman ba zai yi daɗi ba, kafin a ce kwabo an fara maganar tsigewa, a watan Agusta na 2009 majalisa ta tsige Gadi, sai aka ɗauko kakakin majalisar aka ɗora a kujerar. Duk wanda ya zauna a Bauchi a lokacin ya san yadda gari ya ɗauki zafi, a tasha da bakin kasuwar Wunti ba hirar da ake sai ta Gadi, mutane da yawa suna ganin an zalunce shi ne kawai saboda ya ƙi sauya sheƙa. A 2010 kuma babbar kotun jiha ta ce tsigewar ba ta bi ƙa'ida ba.

Akwai kuma lissafin shiyya a ciki wanda ba a cika faɗa ba. Gwamna ya fito daga kudancin jiha, kujerar mataimaki tana hannun ƙasar Katagum, to in za a cire ɗan Katagum dole a nemo wani daga can a maye gurbin, in ba haka ba a tayar da wata ƙurar. Babayo ɗan Gamawa ne, kuma ga shi a kan kujerar kakaki, ka ga abu ya zo masa a daidai.

TAMBAYA: Malam ni ɗaliba ce a jami'ar jiha da ke Gadau. Ya halatta a doka mutum ya zama mataimakin gwamna alhali ko mutum ɗaya bai dangwala masa ba? Ni abin ya ɗaure min kai.

AMSA: Ya halatta ƙanwata, tsarin mulkin 1999 ne da kansa ya buɗe ƙofar. Sashe na 191 ya ce idan kujerar mataimaki ta zama babu kowa, ko ta mutuwa ko murabus ko tsigewa, gwamna ne zai miƙa sunan wanda yake so, majalisar jiha ta amince, shi ke nan a rantsar. Ba INEC ba layi ba tawada a yatsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne sashe na 188 mai maganar tsigewa. A takarda abin da wuya sosai: sai kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa sun sa hannu a takardar zargi, a miƙa wa wanda ake zargi ya kare kansa, sannan kashi biyu cikin uku su yarda a bincika, babban jojin jiha ya kafa kwamitin mutum 7, in kwamitin ya ce laifi ya tabbata a sake samun kashi biyu cikin uku kafin mutum ya sauka. A majalisa mai mutum 31 kina maganar mutum 21 ke nan. Amma in gwamna ne ke son a yi, kuma 'yan majalisar nan shi suke kallo wajen motoci da alawus da tikitin komawa, wallahi haɗa mutum 21 ba ya ɗaukar mako guda. Ni a ganina babban abin dubawa a lamarin 2009 shi ne majalisar da ta tsige mutum, shugabanta ne ya gaji kujerar, ko da kuwa an bi kowane layi na doka wannan kaɗai ya isa ya sa jama'a su yi ta gunaguni, kuma sun yi.

TAMBAYA: Salam. Mu yaran yanzu sunan kawai muka sani. Bayan mataimakin gwamna ina ya nufa, kuma da gaske ne a APC ya rasu? Daga wani matashi, Jama'are.

AMSA: Da gaske ne, amma bari mu bi abin daki-daki. A zaɓen 2011 ya tsaya takarar sanatan Bauchi ta Arewa a PDP ya ci, wato ƙananan hukumomi 7: Katagum, Gamawa, Zaki, Itas/Gadau, Jama'are, Shira da Giade. Wannan nasarar ce ni nake ɗauka a matsayin babban abin da ke cikin tarihin zaɓensa, don a nan ne ya fita daga mazaɓa ɗaya ya nemi kuri'ar shiyya guda. Kuma ka tuna wace shekara ce, shekarar da CPC ta Janar Buhari ke tashe a Bauchi kamar wutar daji, a zaɓen shugaban ƙasa Buhari ya yi wa Jonathan fintinkau a jihar, amma duk da haka kujerun sanata uku PDP ce ta kwashe, Abdul Ningi a tsakiya, Adamu Gumba a kudu, Babayo a arewa. Masu cewa ƙarfin gwamnati ne suna da abin faɗa, masu cewa CPC ce ta kashe kanta da rigimar 'yan takara su ma suna da nasu, kuma zaɓen majalisun tarayya an yi shi ne ranar 9 ga Afrilu, mako guda kafin na shugaban ƙasa, guguwar ba ta gama haɗuwa ba.

Wanda ke kan kujerar kafin shi Sanata Suleiman Nazif ne, shi ma ɗan Gamawa, wanda ya shiga a 2007 ƙarƙashin AC. A 2015 da guguwar sak ta zo kujerar ta sake komawa hannun Nazif ɗin a APC, PDP ta rasa sanatocin uku gaba ɗaya har da gidan gwamnati da M.A. Abubakar ya karɓa. Ka ga shekara 12 ke nan kujerar shiyya guda tana yawo tsakanin 'yan gari ɗaya, mutanen Azare kam sun yi haƙuri.

Zango ɗaya Babayo ya yi a majalisar dattawa. Daga nan sai ya koma siyasar uwar jam'iyya, a babban taron PDP na Disamba 2017 a Abuja wanda ya kawo Uche Secondus aka zaɓe shi mataimakin shugaban jam'iyya na ƙasa mai kula da Arewa, wannan ma kuri'ar daliget ce ba ta gama-gari ba. A Janairun 2019, saura 'yan makonni a shiga zaɓe, jam'iyyar ta dakatar da shi bisa zargin yi mata zagon ƙasa, cikin 'yan kwanaki ya bayyana komawarsa APC. Abin mamakin sai ga PDP ɗin da ya bari ta karɓe Bauchi da Ƙauran Bauchi Bala Muhammad a wannan zaɓen. Allah ya yi masa rasuwa a watan Yunin 2019, makonni kaɗan bayan rantsar da sabuwar gwamnati. Allah ya jiƙansa ya gafarta masa.

Wanda ya turo tambaya daga Darazo kan rikicin kakaki biyu da aka yi a majalisar jiha a 2019, ka yi haƙuri fili ya ƙare, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.