Amsa ga sabon malami a kan yaran da suka kai aji huɗu ba su iya karatu ba

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce an ba ka aji huɗu, yara sun cika ɗaki har bakin ƙofa, kuma ka lura da yawansu ba sa iya karanta jimla guda ko da Hausa, balle Turanci, saboda haka kana so in faɗa maka wace bita za ka halarta ko wane kwas za ka yi ta intanet domin ka samu takardar shaidar koyar da irin waɗannan yara. Tambayar ta yi kyau, amma da ka rufe ta da maganar takarda sai ka fama mini wani tsohon miki, kuma shi ya sa na zauna rubuta maka amsa.

Ba zan tsaya bayyana maka bambancin baƙi da wasali ba, ko yadda ake tsara darasi. Wanda ya ci shekara uku a kwalejin ilimi ya fito da NCE bai san wannan ba, gara ya mayar da takardar inda ya karɓo ta.

Bayan na yi ritaya, wani mai makarantar kuɗi ya tako har zaurena ya roƙe ni in horar masa da malamansa na ƙananan azuzuwa, in kuma gyara masa karatun aji uku. Muka yi ciniki da baki, a kan zai biya ni ƙarshen zango, ban nemi a rubuta komai ba saboda na san mahaifinsa da mutunci. Abin da na fara yi shi ne na zauna da yaran ɗaya bayan ɗaya a kan benci a bayan aji. Malaman suka turo mini wani yaro da suke alfahari da shi, suka ce shi ne gwanin karatu. Ya buɗe littafi ya zuba kamar ruwa, amma da na dubi hannunsa sai na ga yatsansa yana layi na uku alhali bakinsa yana layi na farko. Na sa tafin hannuna na rufe hoton da ke shafin, na buɗe masa tsakiyar littafin inda ba a kai ba tukuna, sai yaro ya yi tsit, yana kallon fuskata yana jiran in ba shi kalmar farko ya ɗora. Na ɗauki alli na rubuta masa bawa da dawa, na ƙara da ɓari da ɗari, ya kasa rabe ko ɗaya. Shekara uku yaron nan yana hadda, malamansa suna rubuta masa maki a rajista da sunan karatu.

Na raba yaran gida-gida bisa inda kowa ya tsaya, ban dubi aji ko shekaru ba, na ware musu sa'a guda kowace safiya. Malaman suna zama a baya suna kallona, kashegari su koyar ni kuma in zauna a baya, in an tashi mu zauna mu tattauna abin da kowa ya gani, har da sunan yaron da ya tuntuɓe da kuma baƙin da ya kayar da shi. Kafin tsakiyar zango yaron nan ya fara haɗa gaɓa da kansa. Ina nan tsaye ranar da ya karanta kalmar makaranta daga allo, gaɓa bayan gaɓa, a hankali, ba tare da kowa ya taɓa faɗa masa ita ba, ya juyo yana dariya.

Sai wasu iyaye suka kai ƙara cewa suna biyan kuɗin aji uku an mayar musu da 'ya'ya ba, be, bi, bo, bu. Mai makaranta ya tsorata kada a kwashe masa yara, ga bikin yaye ɗalibai ya gabato, sai ya rushe rukunan nan a rana guda ba tare da ya ko kira ni ba, ya sa aka ba yara wani dogon labari na Turanci su haddace. Ranar biki aka miƙa wa yaron nan lasifika, ya riƙe littafi a buɗe ya rattabo haddarsa, iyaye suna tafi suna liƙi. Da na je karɓar haƙƙina sai mutumin ya ce shi bai ga sakamakon aikina ba, ya hana ni ko sisi. Bai tsaya nan ba, ya buga wa malaman takardun shaida da sunana a ƙasa, ya rataya a ofishinsa yana nuna wa iyaye cewa ma'aikatansa ƙwararru ne a gyaran karatu. Kuɗin nan har yau ban yafe ba, kuma abin da ya fi su ciwo shi ne yaron da aka janye daga hannuna a daidai lokacin da ya fara ganin haske.

To ka ga dalilin da ya sa maganar takarda take ɓata mini rai. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 cikin kusan 33,000 ba su kai makin da aka gindaya ba, kuma duk da jayayyar da aka yi a kan adalcin jarrabawar, abin ya nuna wa kowa cewa takarda daban, iya aiki daban. Ku yaran yanzu in aka ce bita, tambayarku ta farko nawa ne alawus, ta biyu a wane otal za a yi, in an gama ku ɗauki hoto da satifiket ku ɗora a Facebook, littafin jagorar kuma ya kwana a ƙarƙashin gado. Mu da muka shiga aikin nan a zamanin UPE, shirin ilimin firamare ga kowa na 1976, a bayan ajin dattawa muka koyi sana'a, muna zaune da littafi da biro, ba mai biyan mu kwabo.

Ban ce kada ka je bita ba. Shirin Mu Karanta da aka gudanar a Bauchi da Sakkwato da tallafin Amurka, da shirin RANA da aka fara a Katsina da Zamfara tare da UNICEF, duk sun samar da littattafan Hausa masu bin tsarin sauti da jagorar malami darasi bayan darasi, a kan ƙa'idar malami ya yi, a yi tare, sannan yaro ya yi shi kaɗai. In ka samu waɗannan littattafai ka riƙe su da hannu biyu. Amma ka sani ƙarfin waɗannan shirye-shirye yana wurin jami'in da ke biyo malami har aji ya zauna ya kalle shi, da zaman da malamai ke yi a tsakaninsu suna gyara wa juna. Duk bitar da za a yi a kwana uku a watse, ba mai biyo ka aji, to hutu ka je.

Raba yara bisa matsayinsu kuwa, ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yaɗa shi a duniya, da matakai biyar: wanda bai san baƙi ba, mai baƙi, mai kalma, mai sakin layi, da mai labari. Ni dai na riga na gan shi a makarantar allo, inda kowane yaro yake da allonsa, mai babbaƙu ba ya tsallakawa farfaru sai malam ya ji shi da kunnensa.

Saboda haka ka daina dogara da karatun da aji ke amsawa baki ɗaya, domin a cikin wannan amo ne mara karatu yake ɓuya. Ka saurari kowane yaro shi kaɗai na minti guda da rubutun da bai taɓa gani ba, ka ƙirga kalmomin da ya karanta daidai, ka rubuta. Ka koya musu sautin baƙi, ka bar waƙar sunayen haruffan Turanci, domin yaron da ya san harafin b da sunan bi ba zai gane yadda zai zama gaɓar "ba" in an haɗa shi da a ba. Kafin ka yanke wa yaro hukunci ka matso da shi gaban allo ka duba idonsa, ka yi masa magana ta bayansa ka gwada kunnensa. Bayan duk wannan za ka tarar da 'yan kaɗan masu kaifin basira a magana waɗanda baƙaƙe ke ci gaba da rikice musu, abin da masana ke kira disleksiya. Waɗannan maimaici suke bukata a gajeren zama kullum, su zana baƙi da yatsa a kan yashi suna furta sautinsa, kuma in na ji ka kira ɗayansu daƙiƙi ko ka ɗaga masa bulala, kada ka sake rubuto mini.

Ka gwada 'yan ajinka duka a cikin makon nan, ka jera sunayensu a ƙarƙashin matakai biyar ɗin, ka sanar da hedimasta da iyaye dalilin rabon tun kafin ka fara, sannan ka kawo mini takardar ranar Asabar bayan la'asar mu duba wanda za a fara da shi.