Na goge asusuna, to ina bayanaina suka tafi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan da na goge asusuna na wani shafin sada zumunta, amma a makon jiya wata ƙawata ta nuna mini saƙonnin da na taɓa aika mata suna nan daram a wayarta, har da wani hoto da na ɗauka ya tafi tare da asusun. Shin kamfanonin nan suna goge bayanan mutum da gaske, ko ɓoye su kawai suke yi? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Abin da kika gani bai saɓa wa ƙa'idar kamfanonin ba, domin saƙon da ya isa hannun wani ya zama nasa, kuma Facebook da WhatsApp duk sun bayyana cewa goge asusu ba ya janye abin da mutum ya riga ya aika wa wasu. Sai dai ki fara tabbatar da cewa gogewa kika yi, saboda mutane da yawa dakatar da asusun kawai suke yi, wasu ma manhajar suke cirewa daga waya su ɗauka magana ta ƙare, alhali komai yana nan yadda suka bar shi.

Ko da gogewa ta gaske ce, ba a rana ɗaya ake gama ta ba. Facebook yana ba mutum kwana 30 ya sake shawara, kuma ya ce share komai na iya ɗaukar kwana 90. Google ya ce aikin kan ɗauki kimanin wata 2, sannan bayanan na iya zama har wata 6 a cikin kwafin da ake ajiyewa don ko-ta-kwana. Wannan jinkiri, a ganina, yana da hujja, tun da hoto guda ana ajiye shi ne a manyan kwamfutoci da dama a wurare daban-daban, kuma kwafin ajiyar ba a buɗe shi don a zare bayanan mutum ɗaya, jira ake yi lokacinsa ya cika a maye gurbinsa da sabo.

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ba ya tafiya sam. Kamfani kan riƙe bayanan ciniki da na biyan kuɗi saboda dokokin haraji, ya riƙe wasu don bincike kan zamba ko don wata shari'a, sannan ya cire sunanki daga tarihin abin da kika yi a shafin ya ci gaba da amfani da shi. Abin da ya riga ya kai ga masu talla da sauran manhajojin da kika ba izini kuwa, gogewarki ba ta bin sawunsa. Kuma ba kullum ake cika alkawari ba: a 2023 kamfanin Amazon ya amince ya biya dala miliyan 25 bayan hukumomin Amurka sun zarge shi da riƙe muryoyin yara da Alexa, manhajarsa mai karɓar umarni ta murya, ta naɗa, har da rubutattun kwafin wasu da iyaye suka nemi a goge.

Doka ta ɗan taka musu birki. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a watan Mayun 2018, ta ba mutum damar neman a share bayanansa, ta kuma wajabta wa kamfani ya amsa cikin wata guda, ko da yake ta bar masa ƙofar riƙe abin da wata doka ta tilasta.

Nan gaba, kafin ki danna maɓallin gogewa, ki sauke kwafin bayananki, ki janye izinin manhajojin da ke haɗe da asusun, ki janye saƙonnin da shafin ya ba da damar janyewa. Wancan hoton kuwa, ƙawarki kaɗai ce za ta iya share shi daga wayarta, don haka ita za ki roƙa.