Tambaya da Amsa: Haɗa Babur a Tsibiran Hawai

Tambaya: Na ji an ce masu haɗa babur da hannu a Hawai suna ƙawata tsofaffin Harley-Davidson da kurom, wato rufin ƙarfe mai ƙyalli. Yaya suke yi da tsatsa, alhali teku ta kewaye su?

Amsa: Malam, ka taɓo inda ke musu ƙaiƙayi. Iskar arewa maso gabas tana kwaso gishirin teku ta zuba a kan tsibiran, musamman ɓangaren Kailua da Kaneohe a tsibirin Oahu. A garin Hilo kuwa ruwan sama kan haura milimita 3,000 a shekara. Injunan da ake so, irin Panhead (1948 zuwa 1965) da Shovelhead (1966 zuwa 1984), sun tsufa, kuma kayan gyaransu sai an kawo daga babban yankin Amurka, tafiyar kusan kilomita 3,800 daga Kalifoniya. Ɓarna tana da tsada.

Kurom kansa bai kai kaurin gashi ba, kuma yana da ƙananan tsage da ido ba ya gani. Abin da ke tsare ƙarfen shi ne rufin ƙarfen nikel da ke ƙarƙashin kurom ɗin. In mai aikin ya yi rowar nikel, gishiri ya ratsa, tsatsa ta taso daga ciki, kurom ya fara ɓarewa. Goge-goge ba ya maganin wannan.

Noti da wayoyin wili, a nemi baƙin ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316, domin ya fi 304 jure gishiri. Sai dai in an ɗaure shi cikin alminiyom ba a shafa masa man hana kamewa ba, laima tana haɗa ƙarafan biyu, alminiyom ya zaizaye, notin ya ƙi kwancewa. Mahaɗar wayoyin wuta a cika ta da giris ɗin da ake yi don kayan lantarki. Bayan tafiyar bakin teku, a bari inji ya huce, a ɗauraye da ruwan famfo, a tsane tsaf.

Tambaya: Doguwar ƙafar gaba, wato dogayen ƙarafan da ke riƙe tayar gaba, ta dace da hanyoyinsu?

Amsa: Mu dai ba ma goyon bayan a wuce kima. Hanyar Hana a tsibirin Maui tana da kwana kusan 600, kuma a duk Hawai babu titin da doka ta yarda a wuce mil 60 a awa. Don ka gane ko an wuce kima, ja layi da ya bi karkatar wuyan babur har ƙasa, ka auna daga inda layin ya sauka zuwa inda tayar gaba ta taɓa ƙasa. Santimita 10 zuwa 15 ake so. In ya zarce, kan babur ya yi nauyi a kwana. In ya gaza, ya riƙa rawa a gudu.