Zinariya a gonar gado: ikon gwamna ne ko na Abuja?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Wasu baƙi sun zo da takarda mai hatimin hakiminmu, wai an ba su izinin haƙar zinariya a gonar da muka gada. Dattawa na cewa ƙasa ta gwamna ce, ba mu da ta cewa. Wallahi ko barci ba na iya yi. Haka doka ta ce? Daga wani manomi a Zamfara.

Amsa: Malam, ka kwantar da hankalinka, kuma kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a kan komai tukuna.

Kundin tsarin mulki na 1999 ya kasa ikon yin doka gida uku. Akwai abin da Majalisar Tarayya kaɗai ke taɓawa, kamar tsaro, 'yan sanda da kwastan. Akwai na haɗaka tsakanin tarayya da jiha, in sun ci karo ta tarayya ce a sama. Abin da ya rage na jihohi ne. Ma'adinai suna kashin farko, abu na 39, kuma sashe na 44(3) ya damƙa duk arzikin da ke ƙarƙashin ƙasa ga gwamnatin tarayya. Gyaran 2023 ya mayar da jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali cikin na haɗaka, ya kuma faɗaɗa ikon jihohi kan lantarki, amma bai taɓa ma'adinai ba.

Wannan magana ta "ƙasa ta gwamna ce" ta ishe ni. Kullum sai na ji ta, har daga bakin masu digiri. Gaskiya ne dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamna, amma amana ce aka ba shi ya riƙe wa jama'a, kuma iyakarta doron ƙasa: gona, fili, gida. Gwamna ba ya ba da lasisin haƙar ma'adinai. Ciyaman ba ya bayarwa. Hakimi kuwa, da duk girman rawaninsa, hatiminsa ba lasisi ba ne. Ofishin Kadasta na tarayya ne ke bayarwa, bisa dokar ma'adinai ta 2007. Ka tuna wa ya hana haƙa a Zamfara a 2019, wa kuma ya ɗage haramcin a Disamban 2024? Abuja ce, ba Gusau ba.

Dillalai sun san haka sarai, jahilcin mutane suke ci. Su karɓi takardar ƙauye, su miƙa wa manomi 'yan kuɗi, ranar da jami'an tsaro suka zo su tsere, shi a kama shi. Haƙar da babu mai sa mata ido ce ta jawo gubar dalma a Anka da Bukkuyum a 2010, yara fiye da 400 suka rasu, ana niƙa dutsen da aka haƙo a tsakar gida kusa da tukunyar abinci. Duk wanda ke yaɗa wannan ƙarya ya ji tsoron Allah, da rayukan yara yake wasa.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa ba ku da ta cewa. Dokar 2007 ta ce a sanar da mai gona, a nemi yardarsa kafin a sa filinsa cikin lasisi, a kuma biya diyyar amfanin gona da ɓarnar da aka yi. Ka nemi lambar lasisinsu, lauya ya bincika ta a Kadasta. In sun fara kame-kame, ku haɗu da sauran magada ku kai ƙorafi a rubuce ga jami'in ma'adinai na tarayya da ke jiharku, ku ajiye kwafi.