Tambayi Likita: Wabi Ne Ko Ciwon Gado?

Tambaya: Likita, mijina ɗan baffana ne. 'Ya'yana biyu maza sun rasu ba su kai shekara ba, dukansu da tari, gudawa, da fari-fari a harshe wanda ya ƙi jin magani. An gwada ni, ba ni da ƙanjamau. Dangi na cewa wabi ne. Yanzu ga ni da cikin wata shida. Yaya zan yi?
Wata uwa daga Mabera, Sakkwato

Amsa: Allah Ya ba ki haƙuri 'yar'uwa, Ya sa masu ceto ne. Tamowa ko tarin fuka na iya kawo haka, amma yara biyu da alamu iri ɗaya sun isa a yi zargin raunin garkuwar jiki na gado, musamman mai tsananin nan da likitoci ke kira SCID. Jaririn yakan zo kamar lafiyayye, don garkuwar da ya samo daga uwa tana kare shi na 'yan watanni. Tana raguwa, sai cututtuka su yi masa taron dangi.

Ta hanya biyu ake gadonsa. Tangarɗa a ƙwayar gado ta IL2RG uwa ce ke ɗauke da ita ba ta sani ba, kuma a jikin 'ya'ya maza take bayyana. Ta ADA ko RAG1 kuwa sai uwa da uba duk suna da ita, kamar AS da AS a sikila: kowane ciki, ɗaya cikin 4. Auren zumunci na ƙara yiwuwar irin wannan haɗuwa, kuma ba laifin kowa ba ne.

Tun yanzu ki je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ki ba likitan yara wannan tarihin, ki kuma haihu a asibiti. Abin da na fi so ki riƙe: kada a yi wa jaririn allurar BCG ko ɗigon shan inna sai an ƙirga fararen ƙwayoyin jininsa masu suna limfosait. Rigakafin nan biyu na ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana. Lafiyayyen yaro suna kare shi, marar garkuwa kuwa suna iya kwantar da shi. Idan ƙirgen limfosait ɗin ya gaza 2,500 a maikrolita ɗaya (ɗan ƙanƙanin ma'auni) na jini, a zurfafa bincike. Masu zuwa barka da mura ko tari su yi haƙuri su tsaya daga nesa.

Maganin SCID dashen ɓargo ne. Idan aka yi shi kafin wata uku da rabi, fiye da kashi 90 cikin 100 na jariran suna rayuwa.