Tambayi Gwaggo: In sake tayar da tsohuwar magana?

Gwaggo, a taron ƙungiyar unguwarmu bara na tambayi inda aka kwana da kuɗin gyaran kwalbati da muka tara. Shugaba ya ce za a duba, har yau shiru. Ga damina ta ƙarato. In na sake tambaya, rashin kunya ne?
Mai karatu daga Katsina

Ɗana, matambayi ba ya ɓata, kuma kuɗin jama'a ba abin jin nauyi ba ne. Ruwan watan Agusta ba zai jira kunyarka ba.

Amma kafin ka buɗe baki, bincika ko an amsa a zaman da ba ka je ba. Tambayi sakatare, ya duba littafin taro. Sau da yawa maganar ta wuce, mai ita ne bai ji ba.

In babu, je ka sami shugaban a gida bayan la'asar, ku gaisa sosai, sannan ka ce, "Baba, ina tuni ne a kan maganar kwalbatin nan." Kada ka fara da "tun bara". Dattijo in ya ji an ƙirga masa watanni, kare kansa zai yi, ba amsa ba. Ka tafi da sabon abu: farashin siminti na yau, ko birkilan da ka samo.

In ya sake cewa za a duba, roƙi a sa rana. Ranar ta wuce shiru? To, kai ta taro, da wani babba da zai goya maka baya. Mai unguwa sai daga ƙarshe.